Littafin Malam Bukar a Ƙarƙashin Indararon Kano

Tun ranar da na dawo Gure ganin gida, ban zauna a rumfar Ari mai dabino na sha ruwa cikin natsuwa ba. Wannan ya ce, "Isufu, da gaske ka shiga jirgin ƙasa?" Wancan ya ce, "Kano fa, ta fi Damagaram girma?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Jiya har an ce mini wai rijiya na faɗa a Kano. Saboda haka na fere alƙalami, na zauna in rubuta shi sau ɗaya da hannuna. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Rubutun ba shi da kyau, amma nawa ne.

Kun san ni. Shekara ashirin da ɗoriya ina bin raƙuma, ina kai kanwa da gishirin mangul kudu, iyakata Nguru da Gashuwa. Sai da furfura ta fito mini a gemu na ce zan tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Ingilishi ke mulki in zauna wurin Malam Bukar na Nguru in koyi karatu. Ari, kai ne ka ce kafin ruwan farko ya sauka zan dawo da allona a kai. Ban manta ba, ban kuma riƙe ka ba.

Na bi ayarin kanwa ta Bune, kwana biyar muna tafiya. A kan iyaka wani gardi, ɗan sandan Faransa mai jar hula, ya tsayar da mu, ya ce kowa ya fito da takardar da aka ba shi a wurin kumandan, Baturen mulkinmu. Na miƙa tawa. Ya dube ta, ya juya ta, ya sake dubawa, ya tamke fuska. Daga ni har shi babu wanda ya san abin da takardar ta ce. Can sai ya ga tambarin da aka buga mata, ya ce in wuce. Na wuce ina cewa a raina, in Allah ya so, wata rana takarda za ta yi mini magana ba tare da tafinta ba.

Zaman Nguru bai zo mini da sauƙi ba. Sauro ya ci ni, miyar kifi ta ƙi cikina wata guda, ina ta mafarkin burabusko da man shanu. Kuɗinsu ma da huda a tsakiya, sai ka ce abin wuya. Gwiwoyin da suka saba da tafiya suka ƙi naɗuwa a kan buzu. Manyan ɗaliban Malam, waɗanda na girme su da shekara goma sha, suna karanta littattafai, ni ina fama da baƙaƙe a allo. Suna kirana Madugu. Ban ji haushi ba. Raƙumi ya koya mini jira.

Malam yana da wani littafin fiƙihu da mahaifinsa ya rubuta da hannu. Ku da ba ku taɓa riƙe irinsa ba, ku sani ba ɗinke yake ba. Takardu ne warwatse, ɗari da ɗoriya, ɗaya bisa ɗaya, a cikin jakar fata da ake kira gafaka, babu lamba a jikin kowace. Wata rana ina yi wa Malam fifita yana karantarwa, sai na ga kalma ɗaya ita kaɗai a gindin takarda, can ƙasa da layi. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan kuma me ya raba ta da 'yan'uwanta?"

Ya ce, "Kai ba mai raƙuma ba ne? Yaya kuke yi kada na baya ya ɓace?"

Na ce, "Akalarsa muke ɗaurewa a jikin na gaba."

Ya ce, "To, akala ce. Kalmar nan ita ce za ka tarar a farkon takardar da ke biye."

Na ji, na ajiye, ban san ranar amfaninta tana tafe ba.

Da damina ta kankama, gafakar ta riga ta mutu, bakinta ya yage. Makarantarmu tana tashi Laraba da yamma, a huta Alhamis da Juma'a, ba kamar ma'aikatan Turawa masu hutun Lahadi ba. Wata ranar Laraba Malam ya kira ni ya ce, "Isufu, gobe za ka shiga jirgi ka je Kano, ka kai wa dukawa littafin nan su yi masa sabuwar gafaka daidai jikinsa. Ka dawo da jirgin Asabar. Kada ya bar hannunka."

Babban ɗalibinsa, Malam Gambo, ya yi gyaran murya ya ce, "Allah gafarta, Madugu fa bai bar allo ba. Bai san abin da ke ciki ba."

Malam ya ce, "Shekara ashirin yana ɗaukar kayan mutane, ban ji wanda ya ce ya zubar masa ba."

A nan na gane abin da aka aza mini. In littafin ya dawo lafiya, na zauna a makarantar da mutuncina. In ya lalace, ba sai an kore ni ba, da ƙafata zan kamo hanyar Gure, in zo in tarar da Ari a rumfarsa. Na naɗe littafin cikin fatar akuya kamar yadda muke naɗe mangul, na rataya shi a ƙarƙashin riga.

Jirgin ƙasa ɗakuna ne a jere, an ɗaure kowane a jikin na gaba, sak ayari, sai dai ba ya kiwo. Na zauna kan bencin katako kusa da wata dattijuwa mai fataucin busasshen kifi, Ya Fanna. Da ta ji harshena sai ta juya Barbarci, muka gaisa kamar mun shekara tare. Na leƙa ta taga in ga mai jan ayarin, iska ta warware mini rawani, tokar gawayi ta cika mini ido. Ya Fanna ta yi dariya har da hawaye.

Da muka tsaya a wata tasha bayan rana ta karkata, na ɗauki butata zan sauka in yi azahar. Ta cafke mini riga ta ce, "Ina za ka?"

Na ce, "Salla. Ai ba za su tashi ba sai mutane sun cika."

Ta ce, "Zauna, ɗan'uwa. Wannan madugun ba ya ƙirga kawuna."

Ba ta rufe baki ba jirgin ya yi kuka ya ja. Na ga wani mutum a ƙasa da kwanon fura a hannu yana bin mu da gudu yana ɗaga hannu, babu wanda ya waiwaye shi. A wurinmu, madugun da ya bar mutum a zango ya gama madugunci. Na ƙara matse littafin a jikina.

Mun isa Kano da la'asar sakaliya, hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas. Na tambayi hanyar Fagge, gidan wani fatoma, Maigida Tanko, wanda mutanen ƙasarmu masu kanwa ke sauka wurinsa. Ina cikin lungu ruwa ya ɓarke. Na yi abin da kowane mutumin Gure zai yi: na ruga jikin bangon wani gida na lafe, na juya wa iska baya. A wurinmu bango mafaka ne. Na ga mutane suna gudu ta tsakiyar hanya cikin ruwa, na ce a raina Kanawa ba su da wayo.

Ashe gidajensu rufin ƙasa ne shimfiɗaɗɗe, duk ruwan da ya sauka a kai taruwa yake yi ya fito ta wani bututu da ke leƙe a saman bango. Indararo suke ce masa. Ni kuwa na zaɓi gindinsa na tsaya. Ban ankara ba sai na ji kamar an juye mini salkar ruwa goma a ƙeya, jan ruwa mai laka, ya shiga ta wuyan riga ya fita ta ƙafa. Wannan ita ce rijiyar da aka ce na faɗa.

Na isa gidan Tanko ina ɗiga. Ya karɓe ni da kyau, ya ba ni busasshiyar riga, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka mai zafi. Ban taɓa ba sai da na kwance fatar. Ruwa ya shiga ta yagaggen bakin gafakar, ya kama kusurwa ɗaya. Rubutun bai tafi ba, alhamdu lillahi, amma takardun sun yi sanyi, na sama sun fi jiƙa, suna neman manne wa juna. Tanko ya ce in ba a shanya su ba gobe, za su yi fumfuna.

Da safe rana ta fito. Ƙasa duk laka, ga awaki ga kaji. Na ce a nuna mini matakala in hau soro in shanya. Mahaifiyar Tanko, tsohuwa mai suna Gwaggo Hajo, tana bakin zaure tana jin mu. Ta ce, "Namiji a kan soro? Ɗan nan, a garinku haka kuke yi, ku hau sama ku leƙa matan maƙwabta?"

Na ce, "Gwaggo, a garinmu in ka hau ɗaki sai ka faɗa ciki."

Ta ce, "To nan soro na mata ne. Kawo, ni zan shanya maka. Na shanya kuɓewa ta fi wannan yawa."

Na tuna maganar Malam, kada ya bar hannunka. Na kuma dubi takardun. Na miƙa mata da hannu biyu, na roƙe ta ta danne kowace da tsakuwa. Abu ɗaya ne ban faɗa mata ba, don ni ma bai zo mini ba: cewa kowace takarda tana da mazauninta.

Na auna kaurin littafin da zare, na ɗauki tsohuwar gafakar, Tanko ya raka ni cikin birni. Ku da kuke tambaya, ga abin da na gani. Ganuwa ta fi raƙumi uku tsawo. Kasuwarsu ba ta da rana, kullum ci take yi, kowace sana'a da layinta, har masu sayar da allura kaɗai. Mutane suna tafiya da sauri kamar an aike su, gaisuwarsu gajera ce, kafin ka tambayi lafiyar dabbobi mutum ya yi nisa. Na ci gurasa, na ci alkaki, na ba da dabinon Gure aka ce ba a taɓa cin mai zaƙinsa ba.

A layin dukawa Tanko ya kai ni wurin wani mai suna Garba. Yana jin maganata ya ajiye basilla ya ce, "A'a! Badamagare! Yau kuma me kuka zo ɗauka? Kakanninku sun zo da bindiga sun koma da ƙafa."

Na ce, "Ni mutumin Gure ne, ƙasar Muniyo."

Ya ce, "Duk Damagaram ce. Zauna, bawana."

Na ce, "In zauna a ina? Garin da bango ke yi wa baƙo fitsari a ka?"

Dukawa suka fashe da dariya, Tanko ya ba su labarin indararo, aka sake sabuwa. Garba ya ce yana da gafaka da ya riga ya yanka, jar fata, zai gyara ta daidai awon ya kawo mini gida da yamma.

Muka yi sallar Juma'a cikin jama'ar da ban taɓa ganin yawanta ba, sahu har kan hanya. Ana sallamewa na ɗaga kai, sai ga hadari ya sake haɗuwa. Ban tsaya addu'a mai tsawo ba, Allah ya yafe mini. Na riga Tanko isa gida.

Gwaggo Hajo ta tarye ni a zaure da faifai a hannu, tana murmushi. Ta ce, "Kwantar da hankalinka, ɗan nan. Tun kafin ɗigon farko na kwashe su. Sun bushe ƙayau, ko ɗaya ba ta ɓata ba."

Gaskiya ta faɗa. Sun bushe, sun cika. Amma ta tara su yadda ake tara kuɓewa, wata a kife, wata kai ƙasa, ta farko a tsakiya. Na zauna. Na yi mata godiya, don ba ta yi komai ba sai alheri.

Ana haka Garba ya shigo da gafakar, kyakkyawa, tana ƙamshin sabuwar fata. Da ya ji abin da ya faru ya ce, "Kai Badamagare, zuba su ciki ka ɗaure. Kafin tsohon ya gane ka kai garinku."

Tanko ya ce, "Ko a kira malamin unguwa?"

Na girgiza kai. Na riga na saki littafin sau ɗaya, ga abin da ya biyo baya. Na ce, "A ba ni tabarma biyu, a rufe ƙofar nan saboda iska."

Na shimfiɗa takardun a jere. Ta farko na san ta, tana da ado da jar tawada. Na juya bayanta, ga akalar a gindi. Na haɗa baƙaƙenta ɗaya bayan ɗaya, bakina yana motsi, har kalmar ta fito. Sai na bi sauran takardun da rarrafe ina duba farkon kowace. Na wuce sittin ban gani ba. Garba ya ce, "Tanko, baƙonka kiwo yake yi?" Na ci gaba da dubawa. Can kusa da bango sai ga ta, ita ce, baƙi da baƙi, ɗigo da ɗigo. Na ɗauko na ɗora ta a bayan ta farko.

Jama'a, na sha ganin rijiya bayan kwana uku babu ruwa, amma ban taɓa jin abin da na ji a lokacin nan ba.

Ta uku ta fi sauƙi, ta goma ta fi ta uku, don idona ya fara riƙe inda ya ga kowace kalma. Garba ya daina tsokana. Ya zauna a bakin ƙofa yana korar kaji, in na ɗaga takarda ya ce, "Ita ce?" in ce ita ce, ya ce, "Madalla da bawana." Gwaggo ta aiko da fura, ta yi tsami a inda aka ajiye ta. Da haske ya ƙare na danne komai da duwatsu na tashi, don ban yarda in kawo fitila kusa da su ba.

Gari na wayewa na koma. Sai na ci karo da abin da Malam bai faɗa mini ba: akala ɗaya, amma takardu huɗu duk da ita suka fara. Karatuna bai kai in gane ma'ana in zaɓa ba. Na daɗe ina kallonsu. Sai idona ya sauka kan tabon ruwan da ke kusurwa. A takardun sama yana da faɗi, yana raguwa kaɗan kaɗan zuwa ƙasa, kuma bakinsa yana da siffa, kamar sawu a kan rairayi. Wanda ya taɓa bin sawun raƙumin da ya ɓace cikin sawun ɗari ya san wannan aiki. Na ɗora kusurwa kan kusurwa. Uku suka ƙi, ɗaya ta zauna daidai. Daga nan na riƙa tafiya da ƙafa biyu, akala da tabo, har takarda ta ƙarshe ta rage ita kaɗai a tabarma. Rana ta yi hantsi. Garba, wanda ya dawo tun da sassafe ba tare da an kira shi ba, ya zura littafin cikin gafakar da kansa, ya ɗaure, ya raka ni tasha yana faɗa wa duk wanda muka gamu da shi cewa bawansa malami ne.

Lahadi bayan sallar asuba na durƙusa gaban Malam, ɗalibai suna kewaye. Kafin ya kwance igiyar na ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana." Na faɗi komai, indararo da soro da faifai, ban rage ba. Malam Gambo ya sunkuyar da kai yana girgizawa.

Malam ya kwance igiyar. Ya fito da littafin, ya shinshina, ya shafa tabon da yatsa. Sai ya fara juyawa, takarda bayan takarda. Babu mai motsi. Ya wuce rabi, ya tsaya, ya zare guda biyu ya sauya musu wuri. Ya ci gaba har ƙarshe, ya daidaita gefen da tafinsa.

Ya ce, "Wa ya jera maka?"

Na ce, "Ni ne, Allah gafarta."

"Kai da wa?"

"Ni da wani baduku mai korar kaji."

Ya dubi Malam Gambo ya ce, "Raƙumi ɗari da ɗoriya, biyu suka sauya layi, babu wanda ya ɓace. Gambo, kai da ka karance shi sau biyu, za ka iya a wuni ɗaya?" Malam Gambo ya ce sai an gwada. Sa'an nan Malam ya ɗauko takarda ta farko, mai jan adon nan, ya miƙo mini. Na sa hannu biyu na karɓa, ina zaton in riƙe masa ne.

Ya ce, "Me kake jira? Karanta."

Na karanta. Layi ɗaya ya ɗauke ni lokacin da wani zai yi shafi, na yi tuntuɓe sau uku, ya tashe ni sau uku. Amma tun daga ranar, in an gama allo da safe, ina da mazauni a da'irar masu littafi, kuma Malam Gambo da kansa ke matsa mini wuri.

To, ga Kano da kuke tambaya. Ban hau Dala ba, ban ga rabin kasuwa ba. Abin da na fi sani a birnin nan shi ne daɓen zauren Tanko, na san shi taku da taku da gwiwoyina. Bayan sallar layya zan koma Nguru, Ari, sai ka sake sa mini wata ranar dawowa. Tabon yana nan a kusurwar littafin, ba zai fita ba. Kwanan baya wani baƙon ɗalibi ya nuna shi ya tambayi Malam ko mene ne. Ina zaune ina ji, Malam ya ce, "Bar shi. Sawun Isufu ne."